Littafin aikin rajistar ma'aikatan da ambaliyar Alau ta raba da sana'arsu

21 ga Satumba, 2024

Yau muka buɗe littafin rajista. Tun daren 9 ga wata, wayewar garin 10, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwan kogin Ngadda ya malalo cikin Maiduguri da Jere, hankalin kowa yana kan ceton rai da abinci da wurin kwana, kuma haka ya dace. Ruwan ya mamaye Gwange da Shehuri da Gamboru, ya shiga fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da kasuwar Monday Market, dattawa kuma suna cewa rabon garin da irin wannan tun 1994. An sake buɗe sansanin Bakassi da aka rufe a 2021, makarantu sun zama masaukai, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma suna maganar mutane fiye da 400,000 da suka bar gidajensu.

Mu 'yan unguwa kaɗan, da malaman makaranta da wani tsohon ma'aikacin gwamnati da wasu matasa, mun ɗauki ɓangare guda da muke tsoron za a manta da shi idan ruwa ya gama janyewa. Muna so mu rubuta sunan duk wanda ambaliyar ta raba da aikin da yake ci daga gare shi, mu rubuta abin da ya iya da abin da ya rasa, sa'annan mu kai wa hukumomin da ke da hurumin samar da aikin yi. Magidanci zai karɓi shinkafa da tabarma a sansani, amma ranar da aka ce kowa ya koma gida, abin da zai tambaya shi ne inda zai fita da safe. Wannan littafi shi ne zai riƙe tarihin yadda aikin ke tafiya.

29 ga Satumba, 2024

Gwamna Babagana Umara Zulum ya kafa kwamitin rabon tallafi ƙarƙashin Injiniya Baba Bukar Gujibawu, kuma za a bi gida-gida a tantance irin ɓarnar da ruwa ya yi. Wannan ya ƙara nuna mana inda namu aikin ya tsaya. Kwamitin zai auna asarar da ido ke gani, wato katangar da ta faɗi da ɗakin da ya rushe da kayan da suka jiƙe. Asarar da muke bi kuwa ba ta da katanga. Ɗan dako da ke sauke buhuna a Gamboru bai mallaki rumfa ba, ɗakin haya yake kwana a ciki, amma ranar da kasuwa ta tsaya shi ma ya tsaya. Haka yaron shago, da mai wanki da guga, da ɗan ga-ruwa, da matar da ke soya ƙosai a ƙofar makarantar da yanzu ta zama sansani.

Mun daɗe muna muhawara kan tambayoyin da za mu sa a takardar rajistar, daga ƙarshe muka taƙaita su. Muna tambayar sunan mutum da unguwarsa da Bulaman (mai unguwa) da ya san shi, da sana'arsa, da ko kayan aikin nasa ne ko na ubangida, da abin da ya lalace, da ko zai iya gyaruwa, da yawan bakin da yake ciyarwa, da kuma ko zai karɓi aikin ƙarfi na ɗan lokaci idan an samu. Tambayar mallakar kayan aiki ita ce ta fi amfani, domin ta raba mana mutane gida biyu tun daga rana ta farko: waɗanda gyaran kaya zai tayar da su, da waɗanda ba za su tashi ba sai ubangidansu ya tashi.

Na tsaya a shagon wani tela a Gwange da la'asar. Ya jera kekunan ɗinkinsa a bakin titi, ya kwance kawunansu, ya zuba ƙananan ƙarafan a cikin kwanon kananzir, yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya yana gogewa da tsohon buroshin haƙori. Laka ta bushe a cikin mazaunin ƙoshiya, tsatsa kuma ta riga ta kama sandar allura. Teburan katakon sun kumbura sun ɓare. Ya ce mini kekunan ƙafa za su tashi in an yi haƙuri da su, amma injin surfani mai amfani da lantarki ya tafi ke nan. A gefensa yaransa na shago suna zaune ba abin yi, kuma su ne muka fara rubutawa kafin shi, da izininsa.

6 ga Oktoba, 2024

Shekaranjiya gwamnatin jiha ta sanar da ɓarkewar cutar amai da gudawa. Magudanan ruwa a cike suke da laka da shara da mushen dabbobi, masai da yawa sun cika sun tumbatsa, ga kuma matasa majiya ƙarfi suna zaune ba aiki a unguwannin da ke buƙatar yashewa. Mun rubuta takardarmu ta farko muna roƙon a ɗauki mazauna kowace unguwa aikin yashe magudanan unguwarsu, a biya su kowane mako, a ba su shebur da baro da takalmin roba da safar hannu. Mun dage kan takalmi da safar hannu, domin mun ga samari suna shiga kwata da silifas, kuma ba daidai ba ne a ce neman abinci ya kai mutum gadon asibiti.

Game da lada, mun kafa hujja da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli. Idan aka raba shi a kan ranakun aiki na wata, yana haura naira 3,000 kaɗan a rana, don haka muka ce kada ladan yini ya gaza haka.

20 ga Oktoba, 2024

Wannan makon mun zauna ne da takardu, domin mu san abin da doka ta tanada kafin mu ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofofi. Dattijon da ke cikinmu, wanda ya yi shekaru a aikin gwamnati, shi ya ja ragamar zaman, kuma abin da muka fahimta ya kamata ya shiga wannan littafi dalla-dalla.

Nijeriya ba ta da tsarin inshorar rashin aikin yi, wanda zai riƙa biyan mutum wani abu duk mako ko duk wata idan ya rasa aikinsa ba da laifinsa ba. Asusun inshorar ma'aikata na NSITF, a ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, yana biyan wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ko ya rasu a dalilin aiki, amma bai shafi wanda ruwa ya cinye wurin aikinsa ba. Dokar fansho ta 2014 ta buɗe ƙofa guda: ma'aikacin da bai kai shekara 50 ba, idan ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya cire har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun fanshonsa. Wannan zai amfani wasu malaman makarantu masu zaman kansu da ma'aikatan kamfanoni, kuma mun ware sunayensu domin mu tuna musu idan watan Janairu ya kama. Sai dai mafi yawan waɗanda ke littafinmu ba su taɓa mallakar asusun fansho ba, ba su taɓa sa hannu a takardar ɗaukar aiki ba.

Abin da ya rage shi ne shirye-shiryen da gwamnati ke buɗewa lokaci-lokaci. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, ta gudanar da shirin ayyukan jama'a na musamman a 2021, inda aka ware gurabe 774,000, wato mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma, a kan naira 20,000 a wata har tsawon wata uku. Akwai kuma shirin NG-CARES da Bankin Duniya ke tallafa wa, wanda ke da ɓangaren aikin ƙarfi da ake biya da ɓangaren ƙaramin jari. Ga hukumar raya Arewa maso Gabas, NEDC, wadda hedikwatarta ke nan Maiduguri. Hanyoyin suna nan, kuma an taɓa bin su. Abin da babu shi ne ƙa'idar da za ta ce da zarar an ayyana bala'i a wuri, waɗannan shirye-shirye su buɗe da kansu ga mutanen wurin ba tare da an jira sabon umarni ba.

Wasu ƙasashe sun riga sun rufe wannan giɓin. A Amurka, idan shugaban ƙasa ya ayyana babban bala'i, akwai tallafin rashin aiki da ake biya har tsawon mako 26, kuma ya haɗa da masu aikin kansu da manoma waɗanda inshorar yau da kullum ba ta ɗauke su ba. A Indiya, dokar 2005 ta ba kowane gida na karkara haƙƙin aikin kwana 100 a shekara, kuma ana ƙara kwana 50 a yankunan da fari ko wani bala'i ya afka wa. Ni a ganina tsarin Indiya ya fi kusa da halinmu, domin bai nemi takardar albashi daga hannun mutumin da bai taɓa ganin ta ba, abin da ya nema shi ne mutum ya zo ya ce yana son aiki. Wannan ra'ayi shi muka sa a gaban takardarmu ta biyu.

3 ga Nuwamba, 2024

Babbar matsalar yanzu ita ce shaida. Kowane shiri na gwamnati yana son lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da asusun banki mai lambar tantancewa ta BVN, kuma dalilin a fili yake, domin ta haka ake toshe sunayen bogi. Amma ruwa ya tafi da takardun mutane da wayoyinsu, wasu kuma lambar tana cikin layin da ya ɓace. Akwai 'yan gudun hijira da suka zo daga Bama da Marte da Gwoza shekaru da suka wuce, suka fara sabuwar rayuwa da dako da faskare da ɗinkin hula, yanzu kuma an sake raba su da komai karo na biyu. Wasunsu sunan da ke katinsu ya saɓa da wanda ke banki da harafi ɗaya, kuma harafin nan ɗaya ya isa ya hana kuɗi shiga.

Mun raba aikin biyu. Matasanmu suna raka mutane su dawo da layukansu su kuma ciro lambobinsu, mu kuma muna neman a amince da shaidar Bulama da Lawan (dagaci) da shugabannin ƙungiyoyin sana'a a matsayin hujjar cewa mutum yana wannan aikin kafin ambaliya. Shugaban teloli ya san wanda ke ɗinki, shugaban 'yan dako ya san wanda ke ɗaukar kaya, kuma ƙarya ba ta daɗewa a gaban mutanen da suke cin abinci tare. Don kada son kai ya shigo, mun tsara cewa za a karanta sunayen kowace unguwa a bainar jama'a kafin a rufe shafinta.

Mun kuma lura cewa mata sun yi ƙaranci a littafin, alhali kowa ya san yawan gidajen da mata ke riƙe da su a garin nan. Dalilin shi ne maza ne ke zuwa teburinmu. Da malamai mata biyu suka fara shiga gidaje, sai ga masu injin markaɗe da masu ɗinkin hula da masu turaren wuta da masu kitso da masu kiwon kaji. Wata dattijuwa ta nuna wa abokiyar aikinmu hulunan da take ɗinka wa wani ɗan kasuwa, zaren ya zuba launi ya ɓata aikin makonni, ta ce da ita: “'Yata, ba sadaka nake nema ba, zare da yadi nake nema, hannuna yana nan.” Mun buɗe shafi na musamman ga masu sana'ar cikin gida.

17 ga Nuwamba, 2024

Direbobin Keke Napep sun zo a ƙungiyance. Tun da aka hana acaɓa a 2011, keken nan shi ne ƙafar garin, kuma da yawa daga cikin masu tuƙa shi ba nasu ba ne, balas suke kai wa mai shi kullum. Kekunan da suka kwana a ruwa suna buƙatar a sauke inji, ga fetur ya haura naira 1,000 a lita tun watan jiya, ga lalacewar gadar Fori ta tsawaita hanya. Abin da suke roƙo shi ne rancen gyara marar ruwa da za su riƙa biya kaɗan-kaɗan. Mun rubuta su a rukunin masu buƙatar gyaran kaya.

22 ga Disamba, 2024

Kwamitin rabon tallafi ya miƙa rahotonsa a wannan watan. Bisa abin da aka sanar, an raba kimanin naira biliyan 18 ga gidaje fiye da 100,000, an kuma ba 'yan kasuwa fiye da 7,000 tallafi. Aiki ne babba, kuma mun ga amfaninsa da idonmu, domin a unguwannin da kuɗin ya shiga an fara buga bulo, magina da kafintoci da leburorin da ke littafinmu sun fara samun kira. Wannan ya koya mana abin da ba mu sa a lissafi ba da farko: kuɗin gyaran gida shi ma samar da aiki ne, matuƙar mutanen unguwar aka ba aikin.

'Yan kasuwar Monday Market sun cancanci abin da suka samu da ma fiye, domin gobarar watan Fabrairun 2023 ta riga ta cinye jarin da yawansu, ba su gama miƙewa ba ruwa ya zo. Amma tallafin mai shago ba lallai ne ya kai ga yaron shago ba. Mai shagon da ke da bashin dila a wuyansa zai fara biyan bashi, ya sayi rabin kayan da yake sayowa a da, ya ce wa yara biyu cikin ukun da ke masa aiki su ƙara haƙuri. Ba na ganin laifinsa. Sai dai waɗannan yaran ba su shiga jerin magidanta ba domin ba su da gida, ba su shiga jerin 'yan kasuwa ba domin ba su da rumfa, kuma su ne suka fi yawa a shafukanmu da har yanzu ba a sa wa alamar “ya koma aiki” ba.

Wata ƙungiyar agaji ta ɗauki wasu daga cikin matasanmu aikin kwashe shara na 'yan makonni, kuma littafinmu ta yi amfani da shi wajen zaɓe. Takardunmu biyu suna ofisoshin da muka kai su, an karɓa an buga hatimi, muna jiran amsa.

19 ga Janairu, 2025

Mun faɗaɗa rajistar zuwa ƙauyukan da ke kewayen Alau, a ƙaramar hukumar Konduga, bayan manoman can sun aiko mana. Mutanen birni sun sha wahalar yawan ruwa, su kuwa yanzu rashinsa ne ya dame su. Tafkin da aka tare tun shekarun 1980 shi ne ke shayar da lambunan rani da ke kawo tumatir da albasa da tattasai da ganye kasuwannin Maiduguri, shi ne kuma wurin kamun kifin masunta. Da madatsar ta ɓalle, ruwan ya zurare, gaɓar ta ja da baya nesa da gonaki, injinan ban ruwa da yawa kuma ambaliyar ta tafi da su.

Lambun rani yana ɗaukar hannaye da yawa. Akwai mai yin kwami, da mai dashe, da mai ban ruwa, da matan da ke tsinkar tumatir, da mai saƙa kwando, da direban da ke kai kaya Gamboru kafin gari ya waye. Duk waɗannan ladan yini suke karɓa, kuma rani guda da ba a yi lambu ba yana nufin watanni ba tare da shigar ko sisi ba. A fadamar Jere ma, inda ake noman shinkafa, ruwan ya kwanta a kan amfanin gona ana dab da girbi, don haka 'yan ƙwadagon yankan shinkafa da masu sussuka sun rasa kakarsu. Buƙatar wannan rukuni a bayyane take: ƙananan rijiyoyin ban ruwa, da injina, da iri, kuma a kan lokaci, domin irin da ya zo bayan sanyi ya wuce ba shi da amfani a bana.

Mun kuma tuntuɓi waɗanda ke da asusun fansho, tunda wata huɗun ya cika, muka bayyana musu takardun da za su nema daga wuraren da suka yi aiki.

9 ga Maris, 2025

A farkon watan nan Ministan Albarkatun Ruwa, Farfesa Joseph Utsev, ya ƙaddamar da aikin sake gina madatsar Alau, wanda gwamnatin tarayya ta amince a kashe masa naira biliyan 80, a matakai biyu cikin wata 24. Wannan shi ne aikin gwamnati mafi girma da ambaliyar ta haifar, kuma yana bakin ƙofar mutanen da suka rasa aiki saboda ita. Takardarmu ta uku a kan wannan take. Mun roƙi a sa sharaɗi cewa duk aikin da ba ya buƙatar ƙwarewa ta musamman, kamar haƙa da jigilar dutse da gadi da dafa abincin ma'aikata, a fara ba mutanen ƙauyukan Alau da na Jere, a kuma ɗauki magina da masu walda da direbobi daga cikin waɗanda aka tantance. Mun haɗa da jerin sunaye bisa sana'a, kowane da unguwarsa da mai shaidarsa, domin kada a ce an nema ba a samu ba.

Azumi ya kama tun 1 ga wata, kuma wannan ne lokacin da teloli ke samun kuɗin shekara. Waɗanda suka gyara kekunansu suna ɗinki har tsakar dare, wasu sun dawo da yaransu. Waɗanda injinan surfaninsu suka mutu suna kai aikin wani shago a yi musu, ribar kuma tana tafiya can. Mun haɗa wasu daga cikinsu adashi domin su sayi inji ɗaya su riƙa amfani da shi bi da bi, kuma an riga an yi kwasar farko.

20 ga Afrilu, 2025

Bayan Sallah mun sake bin shafukan ɗaya bayan ɗaya domin mu san inda kowa yake. Masu sana'ar gini da teloli da direbobi su ne suka fi komawa aiki. Yaran shago da 'yan ƙwadagon lambu da matan da ke sana'ar cikin gida su ne suka fi zama a baya, wasu samarin kuma an ce mana sun bar gari neman kuɗi, mun rubuta hakan a gaban sunayensu. Ɗaya daga cikin ofisoshin da muka rubuta wa ya kira mu, ya nemi mu kawo jerin a kwamfuta tare da lambobin NIN, kuma matasanmu sun fara shigar da shi, unguwa bayan unguwa.

Hukumar sa ido kan ruwan koguna ta ƙasa, NIHSA, ta fitar da hasashen ambaliya na bana a wannan watan, damina kuma tana ƙaratowa alhali magudanan Gwange da Gamboru ba su gama yasuwa ba. Don haka mun sabunta roƙonmu na watan Oktoba, wannan karon da taswirar magudanan da suka toshe da sunayen matasan da ke zaune kusa da kowannensu. A makon gobe za mu zauna da Bulamomi mu karanta sunayen unguwannin da suka rage, ranar Alhamis kuma mu koma Alau mu ji ko an fara ɗaukar leburori daga ƙauyukan.